Daga Alli Zuwa Tiya

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Maraɗi ne, a unguwar Bagalam aka binne cibiyata, kuma yanzu ina dab da shekara 50 a duniya. Na riƙe alli a gaban yara, na riƙe littafin lissafi a mangazar shinkafa, yau kuma tiya ce a hannuna, ina awon aya da wake. Wasu na kiran wannan ruwan ido. An faɗa a bayan idona, an faɗa a gabana. Abin da ya sa na ga ya dace in ba da labarina shi ne samarin da kan zo su zauna a bakin mangazata bayan la'asar, su yi ta kewaye-kewaye kafin su fito da abin da ke cin ransu: hanyar da suke kai ta ishe su, sun hango wata, amma suna tsoron a ce sun gaza.

Zan fara da mahaifina, Allah ya jiƙansa, don ba za a gane ni ba sai an gane shi. A tsohon gari aka haife shi, can ƙasa kusa da gulbi. Yana ƙaramin yaro ambaliyar 1945 ta cinye gidaje, aka kwashe gari aka hau tudun da muke kai yanzu. Ya tashi lokacin da gyaɗa ke sarauta a ƙasar nan, ya zama yaron wani alhaji, yana bin ƙauyuka da buhuna da sikeli yana saye. Farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, sana'ar ta mutu a hannunsu suna kallo. Ya koma fataucin atamfa tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, kamar yadda alhazan gari da yawa suka yi. A watan Afrilun 1984 Najeriya ta rufe iyaka, ta canza takardun naira cikin ƴan kwanaki, ga yunwar da har yau tsofaffi ke kira El-Buhari. Ina yaro na ga wani gwangwani a ƙarƙashin gadonsa cike da tsofaffin naira waɗanda ba su sayen ko ƙwayar ashana. Bai taɓa zubar da su ba. Daga nan ya dawo babbar kasuwa ya shimfiɗa tabarma yana awon hatsi, kuma a kan tabarmar nan karyewar darajar sefa ta same shi a watan Janairun 1994.

Mutumin da ya ga wannan duka, me zai so wa ɗansa? Albashi. Ya sa ni makarantar allo da asuba, lakwal, wato makarantar boko, da hantsi, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: “Albashi ko kaɗan ne, in wata ya mutu yana zuwa.” Ban taɓa ganin laifinsa a kan wannan ba, har gobe.

Na samu bak, takardar kammala sakandare, amma gida ba ƙarfin da za a tura ni Yamai. A daidai lokacin, ƙarshen shekarun 1990, aka fara ɗaukar matasa aikin koyarwa na sa-kai, waɗanda daga baya aka riƙa kira ƴan kwantiragi. Na ba da takarduna, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Agiye, a kan jika 35, wato sefa dubu 35, a wata. Ranar da zan tafi Baba ya raka ni tasha da kansa, yana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa ɗansa ya zama mushe, wato malamin lakwal.

Ajina rumfar kara ce. In hunturu ya shigo, iska ta ratso ta kowace kafa, yara su dunƙule cikin rigunansu a kan tsofaffin buhuna, kowa da ɗan allonsa a cinya, yatsu sun yi fari da alli da ƙura. Harshen da nake koya musu ba wanda ke jin sa a gidajensu, don haka rabin darasi da Hausa nake yin sa, in ba mai dubawa a kusa. Amma ranar da yaro ya fara haɗa baƙi da wasali ya karanta sunan ubansa da kansa, ya ɗago kai ya dube ka, wallahi akwai daɗin da kuɗi ba sa saye. Na so aikin nan. Ina jaddada haka ne don kada wani ya ɗauka duk wanda ya bar abu ƙinsa yake yi.

A ƙauyen nan na ga abin da ya zauna mini a rai fiye da duk abin da na karanta. Tsohon da ya ba ni ɗaki a gidansa yakan tafi da ni gona ran da ba lakwal. Gonarsa cike take da ƙananan itatuwa, gawo da kalgo da sabara, alhali a littafi an koya mana cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Ya tsuguna gaban wani kututture da ya yi toho, ya zaɓi rassa biyu masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran da ƴar lauje, ya gyara waɗanda ya bari don su miƙe sama. Shi ne sassaben zamani, wanda aka fara yaɗawa a jihar Maraɗi a farkon shekarun 1980. Ya ce mini: “Mushe, da an ce mu share, mun share, iska ta kwashe ƙasar ta bar mu da rairayi. Da munka gani da idonmu, sai munka sake.” Mutum ne da bai taɓa shiga aji ba, ya haura 60, ya bar noman da ya gada daga ubansa ya kama wani, kuma bai ji kunyar kowa ba. Gawon da ya bari yakan kaɗe ganye da damina ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi inuwa ya zubo ƴaƴa awaki su ci. Matansa sun daina tafiya mai nisa neman itacen girki.

Sai 2005 ta zo. Wanda ya zauna ƙasar Maraɗi a shekarar nan ba ya bukatar a ba shi labari. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara ta ci abin da ya rage, tiyar hatsi ta hau inda talaka ba ya kai hannu. Ajina ya riƙa raguwa: wannan an tafi da shi Najeriya, wannan yana daji neman ganye, wannan ƙaninsa na kwance a wurin masu ba yara abincin tamowa. Ni da ake ganin mai albashi ne, ga mata da yara biyu, ga Baba ƙarfinsa ya ƙare, ga Inna, ga ƙanne, kuma kuɗin kan yi jinkiri har mai kanti ya fara kau da kai in ya hango ni. Wata rana na shigo gari na tarar Inna ta sayar da tasoshin aurenta ba ta gaya wa kowa ba. A daren nan na san cewa son da nake wa alli ba zai ciyar da gidanmu ba.

Ban yi gaggawa ba. Na yi istihara, na ƙarasa shekarar karatu don kada in bar yara a tsakiya, na je na samu kawuna, ƙanin Inna, wanda ke da mangaza kuma ya daɗe yana neman mai riƙe masa lissafi. Abin da ya fi mini nauyi shi ne gaya wa Baba. Tare da Kawu muka je. Na durƙusa na faɗi abin da ke tafe da ni, ya yi shiru har na zaci bai ji ba.

“Mi ka rasa da za ka bar aikin gwamnati ka shigo inda na ƙare ba komi?”

Ban iya amsawa ba. Kawu ne ya ce: “Malam, kai da bakinka kake ba mu labarin gyaɗa da atamfa da hatsi. Da ka tsaya kan gyaɗa, da wa zai sa yaron nan lakwal?”

“Ni dole ta sa ni.”

“Shi ma ita ce, Malam.”

Ya daɗe yana jan carbi. Daga ƙarshe ya ce in matso, ya dafa kaina, ya ce abu biyu yake so in riƙe: kada in ci amanar kowa, kuma kada in bar rubutu, duk abin da ya shiga ko ya fita in sa shi a takarda, don shi rashin rubutu ya sha cutarsa. Ya sa mini albarka. Bai ƙara tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa.

Shekarun mangaza ba zan daɗe a kansu ba. Shinkafa ce ke saukowa tashar jirgin ruwan Kwatano, ta biyo ta Gaya, manyan motoci su sauke mana, masu saye daga Najeriya su zo su ɗauka su bi ta Ɗan Isa da Jibiya, wasu kuma su ratsa daji a kan babura. Kuɗi sun shigo, ba zan ɓoye ba. Na gina gida a unguwar Zariya, na aurar da ƙannena, na kai Inna Makka. Waɗanda suka ce na yi wauta da na bar alli, su ne suka dawo suna cewa na yi dabara. Sai dai barcina bai cika ba. Waya ba ta hutawa da dare: an tare mota, an kama kaya, ana neman na goro a shinge kaza. Akwai wani saurayi da kan zo ya ɗaura buhuna a babur har ba ka ganin bayansa, kullum da dariya. Wani dare ya tafi bai dawo ba, gawarsa aka kawo. Ni dai lissafi nake rubutawa, amma sunansa na cikin littafina, kuma na daɗe ban iya buɗe shafin nan ba. Tun lokacin zuciyata ta fara fita daga harkar, ko da yake ƙafata na ciki.

A watan Agustan 2019 Najeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa. Mangaza cike, ga bashi a kai. Kawu ya ce a yi haƙuri, sati biyu ne a buɗe. Haka kowa ke faɗa a majalisa. Wata ya bi wata. Har da aka buɗe wasu ƙofofi a Disamban 2020, ta Jibiya ba ta buɗu ba sai Afrilun 2022, kuma shigar da shinkafar waje ta iyakar ƙasa ya ci gaba da zama haramtacce a can. Na ga manyan mutane, waɗanda ake tashi tsaye in sun shigo, suna zaune bakin mangaza a rufe suna jiran jiya ta dawo. Ban raina su ba, don na san abin da ke riƙe su: mutum ya yi suna a abu, barinsa kamar ya ce da duniya ya faɗi ne. Amma ni na riga na ga gwangwanin Baba.

Mutum biyu Allah ya yi amfani da su ya buɗe mini ƙofa. Na farko uwargidana. Duk shekarun nan tana kiwon jajayen awakin Maraɗi a bayan gida, irin masu yawan haihuwar tagwaye, tana zuba adashi, ni kuwa ban taɓa sa su a lissafi ba. Wani dare ta ce: “Malam, zaman nan ba zai kai mu ko'ina ba. In akwai abin da kake son gwadawa, ga awaki, a sayar da rabi.” Na biyu kuma wani magidanci ne da ya ƙwala mini kira a kasuwa ran Juma'a: “Mushe! Mushe!” Na waiwaya ban gane shi ba, ga gemu, ga yaro a hannu. Ashe ɗaya ne daga cikin yaran rumfar kara. Ya kawo aya ne. Muka zauna ya yi ta ba ni labarin yadda ake yi musu a kaka: mai saye ya zo da tiyar da aka bubbuge gindinta ta faɗaɗa, ya auna da tozo, ya ɗauka bashi, in an zo biya a ce ba haka aka yi ba, kuma ba takarda. Ya ce: “Mushe, da irinku ne ke saye, da mun huta.”

Na nemi izinin Kawu, na miƙa masa littattafansa cif, muka rabu lafiya. Na koma ƙauyen da na bari, wannan karon ni ne ɗalibi. Yaran da na koya wa baƙi su suka koya mini aya: yadda ake bambanta manya da ƙanana, yadda ake gane wadda ta bushe da wadda aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi, yadda ake jefa ƴan ƙwayoyi a baki a ji zaƙi ko a ji tsami. Na tsaya a gona na ga haƙarta. Sai an ƙone ganyen tukuna, a farfasa ƙasa, a riƙa ɗiba ana zubawa a babbar rariya, mutum biyu na girgizawa, ƙura ta turnuƙe har ba ka gane fuskar na kusa da kai, mata na gefe suna sheƙa suna tsince tsakuwa. Mai shan kunun aya da sanyi a gari, ko mai cin dakuwa, bai san wannan wahala ba. Tun ranar ban ƙara iya taya aya da wulaƙanci ba.

Tsarina ba wani abin mamaki ba ne. Tiya ɗaya nake da ita, da ita nake saye, da ita nake sayarwa, kowa na iya ɗauka ya duba gindinta. Duk wanda ya ba ni kaya, ina rubuta masa ƴar takarda, in riƙe kwafinta, kuma a kusan kowane gida akwai wanda zai karanta ta, don ni na koya masa ko na koya wa yayansa. Daga baya na ƙara da wake. Da can wake ba ya ajiyuwa, ƙwari su mayar da shi gari kafin bazara, sai dai a zuba masa magani mai cutar da mai ci. Yanzu akwai buhun nan mai ciki uku, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin numfashi, ba ko ɗigon magani. In saya a kaka, in ajiye, in fitar lokacin da ya yi daraja. Harawa da ƙaiƙayin kuma na awakin uwargida ne, waɗanda yanzu sun fi na da yawa.

Ba na son wani ya ji wannan ya ɗauka na faɗa cikin daula. Abin da nake samu bai kai na shekarun shinkafa ba. A 2023 naira ta faɗi warwas, sai kuma aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, masu sayen ayarmu daga Kano suka ɗauke ƙafa, na kwana da kaya ina lissafin asara. Abin da ya tsirar da ni shi ne matan gari masu yin kunu da dakuwa, da ƴan buhunan da nake turawa Yamai. Amma ina kashe wayata da dare in yi barci. Ina sallar asuba a masallacin unguwarmu. In na shiga ƙauye, ana fitowa a tarbe ni da fura, ba a ɓuya. Ni a wurina wannan shi ne dacewa, kuma ban same shi ba sai a hanya ta uku.

Kuma ba cewa nake kowa ya bar abin da yake yi ba. Akwai abokina da muka fara koyarwa rana ɗaya. Ya daure, aka ɗauke shi cikakken ma'aikaci, yau shi ne darektan wata lakwal, kuma in ka ga yadda yake magana a kan ɗalibansa ka san yana inda ya kamata. Da ya biyo ni kasuwa da ya cuci kansa. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya san a ransa cewa hanya ta ƙare, ya ci gaba da zama don kawai kada majalisa ta yi da shi. Majalisar nan ba ta taɓa auna wa kowa tiya ɗaya ta hatsi ba.

Jarrabawa ta gaskiya a gidana ta same ni. Babban ɗana yana karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, abin da ni ban samu ba, kuma ina alfahari da shi har cikin raina. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023, gari ya shiga duhu, kowa ya koma neman faifan hasken rana. Yaron ya riƙa bin wani mai haɗa su yana riƙe masa tsani. Wata rana bayan isha'i ya zo ya durƙusa a gabana, ya yi ta murza yatsu, ya ce: “Baba, ina son in koma aikin sola gaba ɗaya.”

Maganar Baba ce ta fara zuwa bakina, kalma da kalma: mi ka rasa? Na haɗiye ta. A lokacin na gane irin tsoron da ya ji ranar da na durƙusa masa, tsoron uba ne da ya san yunwa. Na ce ya ba ni kwana biyu. Na je da kaina na ga maigidan nasa, na tambayi yadda aikin yake, nawa ake samu, me ke lalacewa, wa ke biya wa ba ya biya. Na bi su Jiratawa inda suke sa wa wani mai lambun zogale famfo mai aiki da rana. Na ga ɗana a kan ƙarfe cikin zafin azahar, yana gwada waya da na'urar awo, yana yi wa mai lambun bayani a natse, kuma da ruwa ya fito daga tiyo na ga fuskarsa. Na san fuskar nan, na gan ta a rumfar kara.

Mahaifiyarsa ta tsaya kan lallai sai ya karɓo takardarsa, tunda saura kaɗan, kuma na ga gaskiyarta. Muka zauna mu uku muka daidaita: zai ƙarasa karatun, ranakun da ba darasi da lokacin hutu yana wurin maigidansa, in ya gama ba wanda zai tilasta masa neman aikin ofis. Na ba shi sharaɗin da aka ba ni, amana da rubutu, na saya masa littafin lissafi irin nawa. Uwarsa ta ce kuɗin kayan aikinsa na farko daga awakinta za su fito. Ni kuma bana manoman da nake hulɗa da su sun fara matsa mini in shiga sayen riɗi, na ce musu sai na zauna na koye shi tukuna, kuma mun yi da ɗaya daga cikinsu zan je gonarsa in an fara yanka.